Ciwon Ɓarin Kai da Maganinsa

'Yan'uwana mata na Talata Mafara da Bakura da Maradun, yau zancenmu a kan wani ciwo ne wanda ba ya kisa, ba ya barin tabo, amma ya kan kwantar da mace ƙaƙƙarfa yini biyu a ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ko kukan ɗanta ba ta son ji. Watau ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Da wuya a sami gida mai mata uku ko huɗu wanda ba a san shi ba. Masana sun ƙiyasta wajen mutum ɗaya cikin bakwai na duniya yana fama da shi, kuma daga balaga zuwa sama mata sun ninka maza kamar sau uku. A lissafin cututtukan duniya na shekarar 2019, cikin dukan ciwace-ciwacen da ke hana mata masu shekara 15 zuwa 49 sakewa, shi ne ya zo na fari. To, wadda a ke ce wa lalaci ne ya kwantar da ita, ko kuwa don ranar girkinta ce ta ƙirƙiro, sai ta riƙe wannan.

Da can waɗansu Turawa sun ɗauka ciwon mutanen birni ne da masu karatu. Farfesa Osuntokun na Ibadan, wanda ya rasu a 1995, shi da abokan aikinsa suka bi gida gida a Igbo-Ora ta ƙasar Yarabawa suna tambayar manoma, suka tarar ga shi nan birjik a ƙauye kamar yadda ya ke a birni.

Ga yadda za ki gane shi. Ya kan kama ɓari ɗaya, ko da ya ke wani lokaci ya kan game kan duka. Yana bugawa kamar ana daka a cikin kai, in kin sunkuya ko kin ɗauki tulu sai ya ƙaru. Zuciya ta riƙa tashi, wata har ta yi amai. Haske ya zama abokin gāba, ƙara ma haka, ƙanshin humra ko na turaren wuta da ki ke so jiya yau ya zama kamar dafi. In ba a yi magani ba ya kan ɗauki daga awa 4 har zuwa kwana 3, sa'an nan ya sake ki ya bar ki da kasala. Tsakanin wannan tashi da wancan kuwa lafiyarki lau, shi ya sa mutane ba su yarda.

Kamar ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon su kan ga wani abu kafin kan ya fara. Sai mace ta ga walƙiya walƙiya a gefen ido, ko wani zane mai kama da haƙoran zarto yana ƙyalli yana faɗaɗa, ko rabin fuskar mutumin da ke gabanta ya ɓace. Wata hannunta da leɓenta su yi tsiyayi kamar tururuwa na bi. A nan ne a kan ce iska ta taɓa ta, a tafi neman turare, alhali turaren ma ƙara ciwon ya ke yi. Abin da ke faruwa shi ne wata igiyar motsi ce ke ratsa bayan ƙwaƙwalwa, inda gani ya ke, tana tafiya sannu sannu, milimita uku ko huɗu a minti guda. Shi ya sa abin ya kan daɗe daga minti 5 zuwa awa ɗaya ya wuce da kansa.

To, mene ne ke ciwo a cikin kan? Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi, ko an yanke ta. Masu jin zafi su ne fatar da ta lulluɓe ta da hanyoyin jinin da ke cikin fatar nan. Akwai wata babbar jijiya mai rassa uku a kowane ɓari na kai, ita ke kai labarin fuska da ido da haƙori, ita ce kuma ke tsaron fatar ƙwaƙwalwa. Mai ciwon ɓarin kai ta gāji ƙwaƙwalwa mai saurin firgita, sau da yawa daga uwa ko kaka. In abin ya motsa sai bakin jijiyar nan ya riƙa zubo waɗansu sinadarai, babbansu ana kiransa CGRP, su sa hanyoyin jini su buɗe, wurin ya yi tsami, har bugun jini na kullum wanda ba ki taɓa ji ba ya zama guduma.

Yanzu sai mu zo kan sirotonin, gama da shi aka kama bakin zaren.

Tun da daɗewa masana sun lura in jini ya daskare, ruwan da ya bari yana da wani abu mai tsuke hanyoyin jini. A 1948 mutum uku a birnin Cleveland na Amurka suka tace shi suka ba shi suna sirotonin: Maurice Rapport da Irvine Page da wata mace, Arda Green. Aikin ba ƙarami ba ne, jinin shanu suka riƙa ɗebowa daga mahauta bokiti bokiti kafin su sami ɗan abin da bai cika cokali ba. Ashe tun cikin shekarun 1930 wani Ba'italiye, Vittorio Erspamer, ya same shi a cikin hanji ya ba shi wani suna, sai daga baya aka gane abu ɗaya ne. Har wa yau wata mace ce, Betty Twarog, ta nuna a 1953 cewa akwai shi a cikin ƙwaƙwalwa, lokacin da manyan ba su yi tsammani ba. Yanzu an san wajen kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ya ke, wani yana cikin ƙananan ƙwayoyin jini masu sa jini ya daskare, ɗan kaɗan ne a ƙwaƙwalwa. Amma ɗan kaɗan ɗin nan yana da hannu a barci da yunwa da fara'a da yadda jiki ke jin zafi. Kin ga kuwa duk waɗannan su ne ke rikicewa ranar da ciwon zai tashi: mace ta yi ta hamma, ta ji kwaɗayin zaƙi, ta riƙa faɗa ba dalili.

A 1961 wani likita a birnin Florence na Italiya, Federigo Sicuteri, ya auna fitsarin masu ciwon ɓarin kai, ya ga lokacin da ciwon ke kansu tokar sirotonin, watau abin da ya rage bayan jiki ya ƙone shi, tana ƙaruwa. Cikin shekarun nan kuma James Lance da Michael Anthony da abokan aikinsu a Sidni ta Ostareliya suka auna jini, suka ga sirotonin na faɗuwa in ciwon ya kama. Aka gwada abu biyu. Wani magani mai suna risafin, wanda ke kwashe sirotonin daga ma'ajinsa, in an ba mai ciwon sai kan ya tashi. In kuwa aka ɗura mata sirotonin a jijiya sai kan ya lafa. Shi ke nan, sai a ce an sami magani? A'a. Wanda aka ɗura wa sai zuciya ta tashi, fuska ta ɗauki zafi, numfashi ya yi nauyi, jiri ya kwashe shi. Garin gyaran gira a rasa ido.

Dalili kuwa, sirotonin kamar makulli ne guda mai buɗe kwado iri iri. An ƙidaya irin kwadon nan har 14, wani a hanji, wani a huhu, wani a zuciya, wani a kai. In kin saki makullin cikin jini duk ƙofofin zai bi ya buɗe. Ku mutanen Bakolori kun fi kowa sanin wannan. Tun da aka gama madatsar a 1978 ruwa ke bin magudanai zuwa fadamun Mafara da Bakura, kuma kowane manomi ya san in gonarsa ce ke son ruwa, ƙofar gonarsa kaɗai za a ɗaga. Wanda ya ɗaga duka ya ci shinkafar maƙwabta.

Wani Bature, Patrick Humphrey, na kamfanin Glaxo a Ingila, shi ya ɗauki wannan aiki daga 1972: a ƙera makulli wanda zai shiga kwadon kai kaɗai. Ya fi shekara goma yana fama kafin a dace, kuma sai a 1991 maganin ya shiga kasuwa. Sunansa sumatiriftan, a kwali a kan ga Imigran. Kwado biyu ya ke taɓawa. Ɗaya yana jikin hanyoyin jinin da suka buɗe, sai ya tsuke su. Ɗayan yana bakin jijiyar nan mai rassa uku, sai ya hana ta zubo CGRP. Da fari an ɗauka tsuke hanyoyin jini shi ne dukan aikin. Amma a 1990 Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka nuna CGRP na hawa a jinin wuyan mai ciwon, bayan shekara uku kuma suka nuna sumatiriftan na saukar da shi. Yau ra'ayin masana ya fi karkata ga cewa ciwon daga jijiya da ƙwaƙwalwa ya ke tasowa, buɗewar hanyoyin jini ɗan rakiya ne. Daga nan aka ƙera sababbin allurai masu tare CGRP kai tsaye, na farko ya fito a Amurka a 2018, sai dai tsadarsu ta sa ba zancenmu ba ne tukuna.

Kada wata ta ji wannan ta ce to, ashe ƙarancin sirotonin ne, bari in nemi abin da zai ƙara mini. Zancen bai kai nan sauƙi ba. Sirotonin na abinci, irin wanda ke cikin ayaba, ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa. Magungunan damuwa na zamani ma, waɗanda aikinsu ke nan ƙara sirotonin, da aka gwada su ba su hana ciwon ɓarin kai yadda aka zata ba. Wane kwado aka taɓa, shi ne magana.

Kafin sumatiriftan akwai wani tsoho, argotamin, kuma har yanzu a kan same shi gauraye da sinadarin kofi, da suna Cafergot. Asalinsa wata cuta ce ta hatsi, 'yar'uwar wadda kan sa zangarniyar gero ta riƙa ɗigar da ruwa mai danƙo kamar zuma. Arthur Stoll ya tace shi a Suwizalan a 1918. Yana aiki, amma shi ma makullin barkatai ne: yana tsuke hanyoyin jinin yatsu da ƙafa da zuciya, yana kuma murɗa mahaifa. Ɗan'uwansa ne allurar da unguwarzoma ta asibiti kan yi wa mai jego don tsai da jini. Saboda haka mai ciki, ko wadda ke tsammanin ciki, ko mai shayarwa, kada ta kusance shi ko kaɗan. Kuma ba a haɗa shi da sumatiriftan sai an bar awa 24 tsakani.

To, ina abin yi ranar da kan ya tashi? Abu na fari, kada ki jira. Mu mata mun saba da haƙuri, a ce bari in gama tuwo tukuna. In ciwon ya nuna, ciki kan daina niƙa, ƙwayar da kika haɗiya ta zauna a wurin ba ta narke ba, ko ta dawo da amai. Da ya soma, mace babba ta sha asfirin miligiram 900, ko ibufurofen 400, ko farasitamol 1000, da ruwa mai yawa, ta shiga ɗaki mai duhu ta nemi barci. Waɗannan masu arha su kan ishi mata da yawa in an sha da wuri. Mai gyambon ciki ta bar asfirin da ibufurofen, mai ciki ta tsaya kan farasitamol, yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba kuma ba a ba ta asfirin. Mai yawan amai ta gaya wa likita, akwai ƙwayar da a ke haɗawa don wannan.

In waɗannan sun kāsa, sa'an nan a tambayi likita zancen sumatiriftan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada a 2021. Ana fara wa da miligiram 50, a sha lokacin da kan ya fara ciwo, ba lokacin walƙiyar ido ba. Wajen shida cikin goma su kan ji sauƙi cikin awa biyu. In ya lafa ya dawo ana iya ƙarawa bayan awa biyu, in kuwa ta farkon ba ta yi kome ba, ta biyu ma ba za ta yi ba a wannan tashin. Wata ta kan ji nauyi a ƙirji ko wuya na ɗan lokaci. Amma fa ga sharaɗi: tun da yana tsuke hanyoyin jini, an hana shi ga mai ciwon zuciya, da wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da bai sauka ba. Mata nawa ne cikinmu ke yawo da hawan jini ba su sani ba? Don haka a auna jini tukuna, kada a saya don maƙwabciya ta ce ya yi mata.

Akwai wani rami kuma wanda, a ganina, ya fi cin mata a ƙasar nan. Ran Talata kasuwar Mafara ta cika, ga masu tallar magani da faranti, ga haɗi a ƙulle cikin leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba kwali. Mace ta saya ta sha ta ji daɗi, gobe ta ƙara. Abin da ba a gaya mata ba, maganin ciwon kai in ya yi yawa shi da kansa ke haifar da ciwon kai. Ƙa'idar likitoci ita ce, wadda ke shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuwa sumatiriftan, Cafergot, kodin, tiramol da haɗe haɗe kwana 10 a wata, har wata uku, to ciwon da ke zuwa jefi jefi zai koma na kullum. Ta farka da shi, ta sha, ya lafa, la'asar ya dawo. Mafita ɗaya ce, a daina, kuma mako ɗaya ko biyu na farko da wuya, shi ya sa ya kamata a yi da sanin likita.

Tiramol kuwa ya fi kowanne mugunta a nan. Ban da kama mutum da ya ke yi, shi ma yana taɓa sirotonin, yana hana jiki kwashe shi. In ya haɗu da maganin damuwa ko wani mai irin aikinsa, sirotonin na iya yin ambaliya: zufa, rawar jiki, zazzaɓi, gudawa, ruɗewa, har suma. Gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayoyin ba su ƙare ba. Su ma masu shan ƙwayar ƙiba don a yi kyau ranar biki su sani, ɗaya daga cikin abin da ke cikinta kwadon sirotonin ya ke toshewa, shi ya sa ta ke buɗe ciki ta kawo barci. Ba alewa ba ce.

Wadda ciwon ke kamawa sau huɗu ko fiye a wata, akwai maganin rigakafi da a ke sha kullum, kuma ba su da tsada. Amitiriftilin da dare, ɗan kaɗan, ko furofuranolol, wanda mai asma ba ta sha. Ba su nuna aikinsu sai bayan wata biyu ko uku, kuma in sun rage tashin da rabi an ci riba. Mata da yawa kan yar da su bayan mako guda su ce ba su yi ba. Akwai kuma waɗansu magungunan farfaɗiya da a ke bayarwa don wannan, masu illa ga ɗan da ke ciki, saboda haka ki faɗa wa likita gaskiya in kina neman haihuwa.

Me ya sa mu muka fi maza? Sinadarin mata, istirojin, in ya faɗi gab da al'ada sai ƙwaƙwalwa mai saurin firgita ta motsa. Shi ya sa wata ta san kwana biyu kafin jini ko kwana biyu cikinsa sai ta kwanta. Da ciki ya wuce wata uku yawanci ciwon kan yi sauƙi, ya dawo bayan haihuwa, in al'ada ta ɗauke kuma da yawa su kan rabu da shi. Ga wata magana mai nauyi: wadda ke ganin walƙiyar nan kafin ciwo, kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, gama haɗuwarsu na ƙara hatsarin shanyewar jiki. Ashanar hannu ba ta da istirojin. Ki faɗa a wurin awo ko ba a tambaye ki ba.

Sauran masu tsokano shi kin san su: rana ta Afrilu a wurin casar shinkafa ba ruwa a kusa, ƙetare abinci, rashin barci, balle a shekarun nan da mutanen ƙauyukan Maradun da Bakura ke kwana kunne a buɗe. Mai cin goro ko shan shayi kullum, ranar da ta rasa sai kai ya amsa, kamar yadda a kan gani a farkon azumi. Wadda ta san haka ta rage goron sannu sannu tun cikin Sha'aban, ta kuma cika ruwa da sahur.

Amma ba kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba, kuma mu a Zamfara mun biya kuɗin sanin haka. Sanƙarau da ya ɓarke a jihar nan ƙarshen 2016 ya bazu cikin 2017, ya kama fiye da mutum 14,000 a ƙasa, ya kashe fiye da 1,100. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, ba a kwana da shi a gida. Inda ruwan noman rani ke kwance sauro ba ya hutu, zazzaɓin cizon sauro ma da ciwon kai ya ke farawa, gwajin ɗigon jini ke rabewa. Gidan da a ke niƙa dutsen zinariya a tuna da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, ita ma tana sa manya ciwon kai. Mai cikin da ya wuce wata biyar, in kai ya matsa mata, ido na dishi dishi, fuska da hannu sun kumbura, wannan hawan jinin ciki ne mai kawo jijjiga, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Haka kuma ciwon da ya faɗo farat ɗaya kamar an sara da gatari, ko wanda ya zo da karkacewar baki da mutuwar hannu, ko wanda ya fara sabo bayan shekara 50.

Ba a gane ɓarin kai da hoto ko gwajin jini, da bakinki a ke gane shi. In za ki Babban Asibitin Talata Mafara, ko aka tura ki Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, likita zai tambaye ki kwana nawa a wata kan ke ciwo, kwana nawa kika sha magani, ya dace da al'ada ko bai dace ba. Mai karatu ta riƙa sa alama a kalanda har wata biyu. Wadda ba ta karatu ta sami gwangwani biyu, ranar ciwo ta jefa tsakuwa a ɗaya, ranar shan magani ta jefa ƙwayar wake a ɗayan. Ta tafi da su, ta haɗa da kwalaye da ledojin duk abin da ta ke sha, har da na mai faranti.